Hanyar Lamu: Ko ta Sama Ko ta Ƙasa, Sai Ka Biya Mai Fito

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ka ara mini fili a shafin wasiƙu in yi ɗan ƙari a kan rubutun da kuka buga kwanakin baya game da garuruwan yawon buɗe ido na gabashin Afirka. Marubucin ya kyauta, ban kama shi da ƙarya ko ɗaya ba. Amma da ya zo kan Lamu ta ƙasar Kenya, layi biyu kacal ya ba hanyar zuwa: wai mutum ya hau jirgi a Nairobi, bayan kamar awa ɗaya da rabi ya sauka. Da na karanta wa Baffana wurin, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, "Wannan yaron bai taɓa tsoma ƙafarsa a ruwan Mokowe ba." Daga ranar zuwa yau mutum uku a unguwarmu sun tare ni da jaridar a hannu, kowa yana tambaya ko zai iya zuwa Maulidin can ya dawo cikin kwana huɗu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ni tsohon malamin makaranta ne, shekara 26 na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin in ajiye alli. Baffa ƙanin mahaifina ne, ya haura saba'in, kuma shi ya ja ni tafiyar. Wata shekara a Mina tantinsu ya yi maƙwabtaka da na alhazan Kenya, wani dattijo a cikinsu ya ba shi labarin Maulidin da ake yi a Lamu a makon ƙarshe na Rabi'ul Awwal, da ɗan guntun Larabcin da kowannensu ya iya. Tun daga nan maganar ba ta bar bakinsa ba. Da 'ya'yansa suka gaji da ji sai suka haɗa kuɗi, aka ce ni ne mai Turanci, ni ne kuma ba na zuwa aiki, in raka shi. Mun tashi a ƙarshen Satumbar 2024, watan Maulidi na 1446 ya haura ashirin.

Garin Lamu a kan tsibiri yake, a gaɓar tekun Indiya, can arewa wajen iyakar Somaliya, kuma babu gada. Filin jirgin saman da ake kira na Lamu ba a tsibirin yake ba, yana kan wani tsibirin da ke kallonsa, mai suna Manda. Titin mota kuwa a Mokowe yake tuƙewa, a bakin ruwa. Saboda haka wanda ya biya kuɗin jirgin sama da wanda ya sha matsi a bas, dukansu a hannun mai fito za su ƙare, kowa ya tattare rigarsa ya taka jirgin ruwa. Wannan ne marubucinku ya tsallake, kuma a nan rabin labarin yake.

Daga Kano zuwa Nairobi ba sai na ja ba. Mun bi ta Addis Ababa, mun kwana a hanya. A lokacin sai da muka cike takardar izinin shiga ta intanet, wadda Kenya ta maye gurbin biza da ita a Janairun 2024. Daga baya, a 2025, sun ɗauke wa yawancin 'yan Afirka ita. Katin rigakafin shawara dai a riƙe shi tare da fasfo. Daga Nairobi muka hau jirgin ƙasan da aka buɗe a 2017 zuwa Mombasa, tafiyar awa biyar zuwa shida, yana ratsa dajin Tsavo, inda Baffa ya ga giwa a waje da gidan zoo karo na farko a rayuwarsa. Tashoshin jirgin duka biyu a bayan gari suke, a sa kuɗin mota a lissafi.

A Mombasa aka fara karya mini alƙalami. Mun sauka a wani ƙaramin masauki, na ba yaron da ke aiki a wurin kuɗi ya yanko mana tikitin bas na washegari. Ya dawo da takarda mai rubutun hannu, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Saa moja." Na duba takardar, na ga 1. Na ce wa Baffa ya kwanta ya huta sosai, sai ƙarfe ɗaya. Muka yi karin kumallo a tsanake, har na kai shi ya ga tsohuwar ganuwar da 'yan Fotugal suka gina a 1593. Sha biyu da rabi muna tasha da kayanmu. Magatakardan ya kalli tikitin, ya kalle ni, ya kira abokin aikinsa shi ma ya kalla. Motarmu ta tashi tun awa biyar da rabi da suka wuce.

Ashe Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirgen awa. Ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ta ɗaya a wurinsu, takwas awa ta biyu, sha biyun rana kuwa awa ta shida. Duk lokacin da aka faɗa maka da Swahilanci, ka ƙara shida ko ka cire shida. Ni da na shekara da shekaru ina zana wa yara layukan lokaci a allo, na ma gyara agogona da awa biyun da Kenya ta riga Najeriya tun muna cikin jirgi, ban san da wannan ba. Baffa bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, ai haka agogon Makka yake a da. Ku 'yan boko in ba a littafinku abu yake ba, to babu shi." Na ce to a ba mu motar yamma. Aka ce babu wata motar yamma, ta yau ta ƙare, domin hanyar Lamu ba a bin ta da dare. Kuɗin tikitin ya tafi, kwana guda ya bi shi.

Kafin mu bar gida Baffa ya nace sai an bar kwana biyu a tsarin tafiyar da ba a yi musu aiki ba. Ni kuwa na riga na rubuta jadawalina a takarda, awa bayan awa, ina ganin asarar kuɗin masauki ce kawai. Na bi shi ne don girmansa. Ranar nan muka ci ɗaya daga ciki.

Washegari bayan sallar asuba muna tasha. A masaukin nan ne ma, af, Baffa ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas yadda ya saba tun yana yaro, sai da yaron nan ya zo ya juya shi. A can alƙibla arewa take, kusan sak. Motar babba ce, kujera biyu-biyu, an cika cikinta da buhunan shinkafa, katifu, jarkokin mai da kwalaye, yawanci kayan masu zuwa Maulidi. Tsakanin Mombasa da Mokowe kimanin kilomita 340 ne, wato bai kai Kano zuwa Abuja ba, amma mu sai da muka yi kusan awa takwas. Farkon tafiyar daɗi gare ta. Ana haye gadar Nyali a bar tsibirin Mombasa, a wuce Mtwapa, a haye doguwar gadar Kilifi inda ruwan ke da shuɗi kamar an zuba baba, ga itatuwan kwakwa, ga gonakin wani tsiro mai kama da zabuwa da ake igiya da shi, ga kuka jibga-jibga irin na Rimi ko Kazaure. A Malindi aka tsaya aka ƙara fasinja, muka sha shayi da wani fanke mai kusurwa uku da suke kira mahamri. Bayan gadar kogin Sabaki sai filayen gishiri, an tara shi fari fat tuli-tuli a gefen titi.

Daga mararrabar Minjila, kusa da Garsen, inda ake karkata gabas a haye kogin Tana, yanayin motar ya canza. Hira ta ragu. A nan muka ga fararen shanu garke-garke da dogayen makiyaya riƙe da sanda, har Baffa ya leƙa taga zai yi musu Fulatanci. Orma ake kiransu. Wani malamin asibiti da ke kusa da ni ya nuna mini wurin da ambaliyar ƙarshen 2023 ta yanke titin a Gamba, lokacin da sai an sauke fasinja an tsallakar da su a kwale-kwale su hau wata motar a ɗaya gefen. A wajen nan aka tara motocinmu aka jira har suka yi yawa, sannan aka tashi a jere, jami'an tsaro da bindigogi suna rakiya. Ayari sosai, irin na fatake, madugu ne kawai ya zama ɗan sanda.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Yunin 2014 'yan Al-Shabaab sun auka wa garin Mpeketoni da kewayensa, sun kashe fiye da mutum 60, kuma dajin Boni da suke fakewa a ciki yana arewa da titin. Tun daga lokacin aka hana tafiyar dare, aka kafa shingaye. An sha tare motoci a hanyar bayan haka. Ba zan ce wa kowa babu haɗari ba, wasu ƙasashen ma suna gargaɗin mutanensu da su shiga Lamu ta sama kawai. Amma mu da muka san zaman mota a hanyar Birnin Gwari, shirun nan da kowa ya yi, da yadda leɓuna ke motsi, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Titin kansa lafiyayye ne, an gama shimfiɗa masa kwalta a wajen 2021, shekarar da aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu. Masu bin hanyar tun da sun ce kafin nan ƙura da rami ne tun daga Garsen.

Shingayen ne ke cin lokaci. A kowanne sai kowa ya sauko da jakarsa, a yi layi a rana, katin shaida a hannu. Sau huɗu muka yi haka. A na biyu wani soja ya karɓi koren fasfon Baffa, ya juya shi gaba da baya, ya dubi farin gemun da jar dara, ya ce, "Nigeria? Maulidi?" Baffa ya ce, "Maulidi." Ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Karibu, mzee." Daga nan har muka dawo gida sunan Baffa ya zama Mzee, wato dattijo. Abin da na lura da shi: hawa da saukar nan ta fi zaman motar wahalar da tsoho, matakalar tana da tsawo, kuma babu bayan gida na kirki a tsakani. Mai ciwon suga ko mai yawan fitsari ya yi tunani da kyau. Mun wuce Witu, wanda a da masarauta ce mai sarkinta, har Jamusawa suka riƙe ta daga 1885 zuwa 1890. Yau in ka yi gyangyaɗi ba za ka san an wuce ba. Sai Hindi, sai ƙamshin ruwan gishiri ya fara shigowa ta taga.

Mokowe ita ce abin da mutanen Yawuri za su kira kwata. Motar ba ta gama tsayawa ba matasa suka yanyame ta, wannan ya fizgi jaka, wancan ya kama hannun Baffa, kowa yana nuna jirginsa. 'Yan kamasho dai duk duniya uwarsu ɗaya. Jiragen iri biyu ne. Akwai babban na katako mai inji, na kowa da kowa, mai araha, wanda ba ya tashi sai ya cika, ya kuma yi kamar rabin awa a ruwa. Akwai ƙananan masu gudu, sun fi tsada, cikin minti goma zuwa sha biyar sun kai. Na so mai gudu don la'asar ta yi. Baffa ya tsaya ya kalli yadda ɗaya daga cikinsu ke ɗaga hanci yana dukan ruwa, ya ce shi ba a haife shi da wannan ba. Muka shiga babban.

Wurin ciniki ne abin ya ba ni mamaki. Ni ina ta fama da Turanci, sai na ji Baffa da mai jirgin sun daidaita ba tare da ni ba. Ashe ƙirgensu namu ne: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini. Ɗari kuma mia, wadda Baffa ya ce ita ce minyar da tsofaffin 'yan kasuwar Kurmi ke faɗa. Dubu elfu, alif ɗinmu ke nan. Asubuhi, alfajiri, sabuni, hatari, habari, duk ya tsince su a kwana biyu. Kuɗi kuwa a riƙe ƙananan shilin a aljihu. Kusan komai a Kenya da M-Pesa ake biya ta waya, amma baƙon da bai yi rajistar layi da fasfonsa ba, tsabar kuɗi ce gatansa.

Saukowa cikin jirgin shi ne wurin da zuciyata ta fi bugawa a duk tafiyar. Ruwa ya janye, jirgin yana can ƙasa, matakalar siminti ta yi gansakuka tana santsi. Matasa biyu suka riƙe Baffa ta hammata, na uku yana ƙasa ya tari ƙafarsa ya ɗora a kan buhun siminti, daga nan ya taka katakon zama. Babbar rigar da ya ci ado da ita don shiga garin Maulidi ta sha ruwa har gwiwa. Mun zauna mu wajen hamsin, mata cikin baƙin lulluɓi, yara, kaji a kwando, ga wani babur an ɗaure shi a tsakiya. Akwai rigunan kariya masu ruwan goro a jirgin. Wasu sun sa, da yawa sun mayar da su matashin zama. Na ɗaura wa Baffa tasa a kan babbar riga, ya yi kama da tulu, bai ce komai ba, carbi kawai yake ja.

Sai jirgin ya bi wani mashigi tsakanin itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsu, mikoko a bakin mutanen wurin. Ruwan a kwance yake, tsibiran sun tare igiyar teku. Muna shan wata kwana sai ga garin a hannun dama: fararen benaye, rufin ganyen kwakwa, hasumiyoyi, jiragen filafilai masu ƙyalle mai kusurwa uku jere a gabansa, rana tana faɗuwa a bayansa, kiran magariba yana tashi daga masallatai da yawa a lokaci guda. Baffa ya share ido da hannun riga. Wanda ya sauka a Manda shi ma zai ga garin daga ruwa, amma a minti goma, bai sha wuyar da za ta sa ganin ya yi masa irin wannan daɗin ba. Ra'ayina ke nan, ban ce dole kowa ya yarda ba.

A cikin gari babu maganar mota. Lungunan sun fi na Kurmi da Zangon Barebari matsi, wasu in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Jakuna ne dubbai, su ke ɗaukar yashi, bulo da buhu, har asibitinsu gare su a bakin ruwa tun 1987. 'Yan acaɓa sun shigo a 'yan shekarun nan, suna zirga-zirga a titin gaɓa, dattawan garin suna ƙorafi. Kayanmu a kura aka tura, da lungu ya ƙi kurar aka ɗora a ka. Gidajen da dutsen cikin teku aka gina su, azararsu ta itacen mikoko, ƙofofi sassaƙaƙƙu, kowane gida da dakali a ƙofa kamar zaurenmu. Saboda wannan ginin ne UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Mai jaka mai taya ya sani, a nan tayar ba ta da amfani.

Maulidin ba shi ne batun wasiƙata ba, in na fara ba zan gama ba. A taƙaice, cibiyarsa masallacin Riyadha ne, wanda Habib Swaleh, sharifin da ya zo daga tsibiran Komoros, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19. Ana karatu da bege da bandiri, har Baffa ya ce kamar yana Kabara ranar Maukibi. Ana tseren jakuna da na jiragen ruwa, a rufe da jerin gwano zuwa kabarin Shehin. Abin da ya shafi matafiyi shi ne a makon nan garin cika yake maƙil, mutane daga Mombasa, Zanzibar, Komoros da sauransu. Ɗaki da kujerar jirgin sama sai wanda ya kama tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi na biyu teku ce ta ba ni. Na koyar da cika da janyewar teku sau ba adadi, na zana wata da rana da duniya a allo, na ba yara maki a kai, alhali ban taɓa gani da idona ba. Sau biyu a yini ruwan ke cika ya janye, kullum kuma lokacin yana matsawa da kusan minti hamsin. A ƙarshen wata da tsakiyarsa abin ya fi ƙarfi, Maulidin Lamu kuwa a ƙarshen wata ake yin sa. Wata safiya muka taka zuwa Shela, ƙauyen da ke kudu da garin da kamar kilomita uku, inda Turawa suka fi sauka saboda doguwar gaɓar yashi. Mun bi bakin ruwa a ƙafa, kamar minti arba'in da biyar. Baffa ya cire takalminsa na fata, ɗinkin Kano, ya ajiye a kan yashi nesa da ruwa, muka hau tudu muka zauna a inuwa muna shan gahawa mai ɗaci da alewa. Da muka sauko, inda ya ajiye takalmin ya zama teku. Ƙafa ɗaya wani yaro ya tsamo mana, ɗayar ta kama hanyar Indiya. Hanyar da muka biyo ma ruwa ya shafe wani sashenta, dole muka nemi mai fito. Masu zuwa tsibirin Pate sun fi mu sanin wannan, domin mashigin Mkanda da ake bi ba ya ɗaukar babban jirgi in ruwa ya yi ƙasa. Nahodha, wato matuƙin, shi ke faɗin lokacin tashi, shi ma wata yake kallo. Ga kuma iska. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba ta kudu ke busawa, kusi, teku ta yi fushi. Daga Disamba zuwa Maris ta arewa, kaskazi, ruwa ya kwanta.

Muna can, ranar 2 ga Oktoba, ɗana ya kira ni da labarin jirgin da ya kife a kogin Neja a daren jiya, wajen Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, ɗauke da kusan mutum 300, galibi mata da yara, su ma mutanen Maulidi. Na tuna da yaran Islamiyyar da ruwan Bagwai ya ci a Nuwambar 2021, su ma a hanyar Maulidi. Mokwa, Mokowe, har sunan ya so ya yi kama. Ranar Baffa bai ci abincin rana ba. Ba zan ce mutanen Lamu sun fi mu kiyayewa ba, na ga lodin da ya wuce ƙa'ida a can ma, na ga masu zama a kan rigar kariya. Amma rigar tana cikin jirgin, wanda ya nema zai samu. Daga ranar duk jirgin da za mu shiga, Baffa da kansa ke miƙa hannu ya ce a ba shi tasa, kuma ba ya yarda mu hau ruwa bayan magariba.

Dawowa ta sama muka yi, don ƙafafunsa sun kumbura. Daga kwatar gari zuwa ta Manda minti goma ne, sai ɗan taku a ƙafa zuwa ginin filin, masu kura suna biye da kaya. Ƙaramin fili ne, iska na shiga ta ko'ina. Abu uku suka same mu a nan. Kamfanin da muka bi kilo 15 ya yarda wa kowa, har da jakar hannu, Baffa kuwa ya sayi alewa gwangwani shida, huluna na jikoki da wani ƙaramin akwatin katako. Sai da muka biya ƙari, alewa biyu kuma ma'aikatan share fili suka ci rabonsu. Sannan jirgin ya yi lattin kusan awa uku, ba wanda ya ce mana uffan. Da ya zo, mai farfela ne, ya ɗan sauka a Malindi ya ɗebi wasu kafin ya miƙe. Na ukun shi ne wanda ya fi kama baƙi: Nairobi filin jirgi biyu gare ta. Da yawa daga jiragen Lamu a Wilson suke sauka, ƙaramin filin da ke cikin gari, alhali jirgin da zai kai ka gida daga Jomo Kenyatta yake tashi, kuma tsakaninsu akwai cunkoson Nairobi na yamma, wanda ya fi na Ƙofar Ruwa ranar kasuwa. A jadawalina na farko, a daren nan za mu tashi zuwa Addis. Da an bi tawa, da jirgin ya tafi ya bar mu da tikitin mutum biyu a hannu. Kwanan Baffa na biyu ne ya cece mu, kuma bai bar ni na manta ba har muka sauka a Kano.

To ga amsata ga maƙwabtana uku, da duk mai irin tambayarsu. Kwana huɗu ba za su yi ba. Ko ta sama za ka bi zuwa da dawowa, ka ba tafiya kwana biyu, dawowa kwana biyu, kafin ka ƙirga na zama. Mu kwana goma sha ɗaya muka yi daga ƙofa zuwa ƙofa. Kuɗin jirgin sama daga Lamu zuwa Nairobi ya ninka na bas da jirgin ƙasa a haɗe sau da yawa, amma ya mayar da kwana biyu yini guda. Mai ƙarfi a jika wanda zuciyarsa za ta ɗauki hanyar Gamba zuwa Witu, ni dai zan ce ya shiga ta bas ya fito ta sama. Mai tafiya da tsoho, ko mai juna biyu, ko ƙananan yara, ya bi sama duka biyun, ya kuma tambayi filin da zai sauka tun kafin ya biya. In an faɗa maka lokaci, ka sa a nuna maka a fuskar agogo.

Baffa bai yarda da rabin shawarar nan ba. Ya ce shi in Allah ya kai rai ya koma, bas zai sake bi, wai a jirgin sama bai yi aboki ko ɗaya ba, a bas kuwa har yanzu malamin asibitin nan yana kiransa duk Juma'a su gaisa, ɗaya da Swahilanci ɗaya da Hausa. Yana zaune kusa da ni nake wannan rubutu. Ya ce in gaishe ka, in kuma ce ka faɗa wa yaron da ya yi rubutun, in zai je ya tafi da takalmin roba. Ƙafa ɗayar ta fatar tana nan a kan kabad ɗinsa, gishiri ya busar da ita ta ƙandare, ya hana a jefar.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Gwammaja, Kano